Gyaran Tsakar Gida Kafin Yaro Ya Fara Rarrafe

Ranar sunan ɗan ƙanwata, mata sun fi talatin a tsakar gida. Wasu na tuƙa tuwo, wasu na yankan alayyafo, wasu na zaune kan tabarmi ana hira, yara kuma na ta kai-kawo a tsakanin ƙafafun manya. Aka aiki wata yarinya 'yar shekara goma ta ɗauko bokitin ɗauraya a bayan ɗakin girki, sai ta iske ƙafafu biyu a sama. Yaro ne ɗan wata goma sha huɗu, ya leƙa cikin bokitin, kai ya rinjaye shi. Ruwan ko rabin bokiti bai kai ba. Allah Ya sa da sauran kwana, ta fizgo shi, ya yi tari ya amayar da ruwa, aka wuce da shi asibiti. Abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne babu wanda ya ji ko motsinsa. Uwar ta ɗauka yana wurin kakarsa, kakar ta ɗauka yana wurin yayarsa, yayar kuma tana zaure tana kallon masu shigowa.

Mun saba cewa a gidan yawa ba a rasa mai sa ido a kan yaro. Ni dai ran nan na ga yadda kowa yake barin wa wani, har a wayi gari babu mai kallo. Ido kuma yana gajiya, uwa tana shiga wanka, tana tayar da salla, tana juya baya ta sauke tukunya. Don haka aikin da ke gabanmu shi ne a gyara tsakar gidan kanta, ta yadda sha'afar minti ɗaya ba za ta zama ajalin yaro ba. Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma mai raƙumin nan da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya sake shi ya yi tawakkali, cewa aka yi da shi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Lokacin da ya dace a fara shi ne yaro yana wata huɗu ko biyar. Yawancin yara suna fara rarrafe tsakanin wata shida da goma, su fara tatata wajen shekara ɗaya, kuma ba sa ba da sanarwa. Wanda kuka ajiye jiya ya tsaya inda kuka ajiye shi, yau sai ku same shi a gindin randa.

Mataki na farko: ku durƙusa ku kalli gidan daga ƙasa

Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Tsakar gidan da kuka shekara goma a ciki ba kwa ganinta sosai. Ku zaɓi lokacin da gidan ya yi shiru, maigida da uwargida tare, ku sa gwiwa a ƙasa ku zagaya tun daga ƙofar ɗaki har zaure, kanku bai wuce tsayin kan mai rarrafe ba. A can za ku ga tsohuwar reza a gindin katanga, da ƙusar da ta faɗo tun ranar da aka gyara kwano, da bakin langa-langa da ya tashi, da gorar da aka tura ƙarƙashin benci. Duk abin da kuka gani ku tambayi kanku: zai iya faɗawa ciki, zai iya jawo shi kansa, zai iya sa shi a baki, ko zai iya hawa? Ku rubuta a takarda, ku raba gida biyu: wanda za a gyara yau da hannu, da wanda sai an kira birkila, kafinta ko mai walda. A gidan haya ko gidan gandu, ku sa sauran mutanen gidan cikin zagayen, don bokitin maƙwabciya ma bokiti ne.

Mataki na biyu: ruwa, kuma da shi za a fara

Na sa ruwa a gaba da wuta da guba don shi ne ba ya ba da lokaci, kuma ba a jin ƙararsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan an ce nutsewa hankalinmu kan tafi kogi ko kududdufi, alhali ƙaramin yaro ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, kamar santimita 5, ya isa ya kashe shi. Dalili kuwa shi ne kan yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, hannuwansa kuma ba su da ƙarfin da zai tura kansa ya fito. Ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa. Cikin 'yan mintuna kaɗan ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa saboda rashin iska.

Rijiya tukuna. Maigida, wannan naka ne, kuma bai kamata ya jira albashin wata mai zuwa ba. Idan bakin rijiyar daidai yake da ƙasa, ko taya kawai aka ɗora, a kira birkila ya tayar da gini kewaye da ita har ya kai ƙugun babban mutum, wajen mita ɗaya, a shafe shi sumul yadda babu wurin sa ƙafa. Sannan mai walda ya yi mata murfin ƙarfe mai hinji da wurin sa kwaɗo. Faifan kwano da aka danne da dutse ba murfi ba ne, katakon da ruwa ya ci ma haka, gara ma a san rijiya a buɗe take da a ɗauka a rufe take. A samu ƙusa can sama a rataye mukullin, kuma doka ta zama ɗaya ga kowa: wanda ya ja ruwa shi zai rufe ya kulle kafin ya ɗauki bokitinsa. Kada a bar turmi, kujera 'yar tsugune ko jarka a gindin rijiya, don matakala ce kuka ajiye masa. Tsohuwar rijiyar da aka daina amfani da ita a cike ta da ƙasa, a huta.

Haka za a bi tankin ƙasa, da sokawe, da bakin masai. Murfin sokawe da ya tsage a sake zuba shi da rodi, kada a jira damina, don ƙasar gefensa ce take fara zaftarewa. Masai a yi masa ƙofa mai sakata daga waje can sama, bakin ramin kuma a rufe da murfi mai nauyi. Idan ana gini a gidan, ramin da aka haƙa don kwaɓa ƙasa ko tara ruwa a kewaye shi ko a cike shi ranar da aka gama.

Amma ba rijiya kaɗai ke kama yara ba, ita kam kowa na tsoronta. Akwai bokiti, da baho, da robar wanki, da randa. Inda ruwan famfo ba ya zuwa kullum dole a tara ruwa, ban ce a daina ba. Abin da za a canza shi ne mazubin. Ruwan ajiya ya koma jarkoki masu murfin murɗawa, ko duro mai murfin da ake kullewa. Randa a ɗora ta kan gini ko ƙarfe mai ƙwari da ba ya girgiza, a rufe da murfi mai nauyi, faifai ba ya hana yaro komai. Wanki kuwa, da an gama a zubar da ruwan nan take a kife bahon. Kayan da aka jiƙa za su kwana, a kai su banɗaki a ja ƙofa. Ruwan wankan jariri ma haka, kafin a shafa masa mai a fara zubar da shi idan akwai yayansa mai tatata a kusa. Idan ana yi wa yaro wanka waya ta yi ƙara ko aka yi sallama, a naɗe shi a zani a tafi da shi, ko da taku biyar ne.

Da damina, bayan kowane ruwan sama a zagaya. Tsohuwar taya, fasasshen tulu, kwanon kaji, bokitin da aka tara a ƙarƙashin indararo, duk a zubar ko a juye a jarka. A share makwarara don ruwa ya fita, a cike kwarin da yake kwanciya da ƙasa ko tsakuwa. Riba biyu ke nan, don sauro ma a irin wannan ruwan yake hayayyafa.

Mataki na uku: murhu da abin da ke kansa

Yaro bai san wuta ba sai ya taka, in ji masu magana, amma fatar jariri ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, kuma abin da zai tashi babba bororo shi yana iya kwantar da shi wata guda a asibiti. Yawancin ƙunar yara ma ba harshen wuta ba ne, ruwan zafi ne, da talge, da kunu, da man suya, da tokar da ake zaton ta huce alhali akwai rushi a ƙarƙashi.

Idan akwai ɗakin girki, a yi masa rabin ƙofa ta katako mai sakata, uwa tana ganin waje, yaro ba ya shiga. Idan a fili ake girki, a mayar da murhun lungu ɗaya, a tare shi da gajeren gini ko shingen katako da ya kai ƙirjin ɗan shekara uku. Kurfoti da ƙaramin gas mai tukunya a kai su ne suka fi saurin kifewa, don haka a ajiye su cikin shingen, a kan daɓe mai daidai, hannun tukunya na kallon bango. Kuskuren da na fi gani shi ne na sauke tukunya: an tsare wutar da kyau, sai a sauke miya tana tafasa a ajiye a ƙasa a buɗe don ta sha iska. Duk abin da aka sauke ya zauna cikin shingen har ya huce. Ruwan wankan jego ma, da ake dafawa a babbar tukunya, kada a bar shi a fili, kuma in za a sirka ruwan wankan yaro a fara zuba na sanyi sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu.

Mai suyar ƙosai, awara ko waina ta sayarwa a cikin gida, ki samu wanda zai riƙe yaron har ki sauke kasko. Suya da goyo a baya ma akwai haɗari, don in kin sunkuya ƙafarsa ko hannunsa na iya kai wa mai. Bayan girki a yayyafa wa garwashi ruwa, a kwashe tokar a kai inda ba ya zuwa.

Janareta ya bar kusa da ɗakin kwana. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutanen gida suna barci, kuma yara take fara kayarwa. Ƙa'ida ita ce mita 6 daga ƙofa da taga. Inda gidan bai kai haka ba, a kai shi mafi nisan lungu, a fili, bakin hayaƙin na kallon nesa da ɗakuna, a yi masa kejin ƙarfe don jikinsa ma yana ƙuna. Irin wannan iskar ce garwashi yake fitarwa, saboda haka kaskon wuta ba ya kwana a ɗaki rufe lokacin hunturu. Wayar da aka ja daga janareta ko ta injin jan ruwa ta bi saman bango, a naɗe duk inda ta feɗe, soket na waje kuma ya haura inda hannun yaro ba ya kai.

Mataki na huɗu: gorar da ba ruwa ba ce a ciki

Ku tuna yadda ake sayen kananzir da fetur da fiya-fiya a unguwa: a tsohuwar gorar lemo ko ta ruwa. Ɗan shekara biyu ya san wannan gorar sarai, daga ita ake ba shi abin daɗi. Da zafin Afrilu yana jin ƙishirwa, ya gan ta a gindin murhu, me zai hana shi kafa kai? Shan kananzir na cikin gubar da aka fi kai yara asibiti a kanta a ƙasar nan, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne.

A tattara su duka wuri ɗaya: kananzir, fetur, fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshin gona, takin zamani, ruwan bilic, ruwan batir, sodar haɗa sabulu, da magungunan mutane da na dabbobi. A saya musu akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ko a kafa kanta can sama a sito mai kulle. Kowanne ya zauna a mazubinsa na asali, ko a jarkar da ba ta yi kama da ta abin sha ba. Sniper maganin gona ne, a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu ana yayyafa shi a ɗakuna a kan daɓen da jariri yake rarrafe yana tsotsar hannu. A daina. Maganin ɓera da ake cakuɗawa da abinci a ajiye a lungu shi ma ba na gidan mai rarrafe ba ne, a koma tarko, a ɗana shi inda yaro ba ya isa. Masu haɗa sabulu su kula ƙwarai da soda, don in an jiƙa ta kamar ruwa take, kurɓa ɗaya kuma tana ƙone maƙogwaro har ya tsuke, yaro ya shekara ba ya iya haɗiyar tuwo.

Akwai kuma gubar da ba a gani. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana daka da niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yara na wasa a ƙasa suna kai hannu baki. An sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. Duk mai aikin ma'adinai, ko fasa tsohon batir, ko feshin gona, ya bar aikin da kayan aikin a waje, ya canza tufafi ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa.

Mataki na biyar: ƙasa, da abin da ke faɗowa

Shara ta zama sau biyu a yini, ta safe kafin a fito da yaro. Duk abin da bai kai ƙwan kaza girma ba yana iya maƙale masa: gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, murfin gora, tsakuwa, kwabo, dutsen ado, leda. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli na agogo da kayan wasa ya fi su duka sharri, don in ya tsaya a maƙoshi cikin awa biyu yake fara cin nama. Wurin da gansakuka ta kama kusa da famfo a kankare, daɓen da ya fashe a like.

Sai masu nauyi. Turmi a kwantar da shi, taɓarya a kwantar da ita a ƙasa maimakon jingina ta da bango. Bulon da aka jera ana jiran gini a sauke shi ya zama layi biyu, tsani a kwantar, fartanya da gatari da adda da lauje su shiga sito. Igiyar shanya ta yi sama, kada a bar bakinta yana lilo daidai wuyan yaro. Gidan bene a sa ƙofa a ƙasan matakala da samanta, tazarar ƙarafunan baranda kuma kada ta wuce santimita 10, don in kai ya shige jiki ma zai bi. Katangar ƙasa da ta tsage ko ta jiƙe a gindi a gyara ta kafin ruwan Agusta.

Mataki na shida: dabbobi, ƙwari da tsirrai

Tumaki da awaki su zauna a turke mai shinge, musamman ragon layya da ake turkewa a tsakar gida, karo ɗaya ya isa. Kaji su samu akurki. Kashin kaji da na awaki yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, kuma mai rarrafe ba ya bambance shi da abinci. Kashin yaron kansa ma a kwashe shi nan take a zuba a masai, a wanke hannu da sabulu. Kare a yi masa allurar haukan kare, kuma kada a bar shi da yaro su kaɗai komai sabo.

Kunama da maciji mafaka suke nema: tarin itace, tsofaffin bulo, karan dawa, ciyawar bayan ɗaki, ramin ɓera. A ɗaga itacen girki daga ƙasa a nisanta shi da wurin wasa, a nome ciyawa, a toshe ramuka da siminti. Tabarma da takalmin yaro a kakkaɓe kafin amfani. Gidan rina a ƙarƙashin rumfa a cire shi da dare bayan yara sun shiga ɗaki.

A tsirrai, guda huɗu nake so ku nema. Zurman, wanda 'ya'yansa masu zane suke da kyau a ido kuma gubarsu tana kisa. Bini-da-zugu, da ake shinge da shi, yara na cin 'ya'yansa kamar gyaɗa su kama amai da gudawa. Zaƙami, mai gusar da hankali. Sai tumfafiya, da duk wani tsiro mai farin ƙaro irin su tinya, don ruwansu na ƙona ido. A tumɓuke su da saiwa. Furen ado da ba ku san sunansa ba ku fitar da shi daga inda yaro yake wasa.

Mataki na bakwai: ƙofar gida da abin hawa

Mai mota ba ya ganin ɗan shekara ɗaya a madubi, kuma yaro in ya ji an tayar da mota wurin babansa yake nufa da gudu. Kafin a motsa mota ko a-daidaita a cikin gida, direba ya ga kowane yaro da idonsa a hannun babba. Babur in an dawo da shi a kafe shi a zaure ko bayan shinge, don salansa tana daɗewa da zafi, kuma yana faɗowa kan wanda ya ja shi. Get mai turawa a sa mai walda ya duba abin da ke tare shi a ƙarshen layi, don in ya sauka daga kan titinsa faɗuwa yake gaba ɗaya. Ƙofar zaure a sa mata sakata can sama, a kuma gaya wa almajirai da masu tallan da ke shigowa su riƙa ja ta, don a bakin ƙofa akwai kwata, ga titi.

Mataki na takwas: ku yi masa nasa wurin

Idan aka tsaya ga hani kawai, yini za a yi ana "bari, ajiye, sauko", uwa ta gaji, yaro ya gaji. Yaro yana buƙatar ya yi rarrafe, ya kama abu ya miƙe, ya faɗi ya tashi. Ku zaɓi wuri mai inuwa, wanda ake hangowa daga wurin girki da wurin wanki, nesa da rijiya da murhu. A shimfiɗa tabarma biyu ko leda mai kauri da bargo a kai. Kafinta ya yi shinge mai kusurwa huɗu, kamar mita biyu kowane gefe, sandunansa a tsaye don na kwance matakala ne, tazararsu ba ta wuce faɗin yatsu uku ba, a goge katakon sumul babu kan ƙusa. A Bangladesh, inda nutsewa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, irin wannan shingen da kuma tara yara wurin mai raino da hantsi, lokacin da iyaye mata suka fi aiki, na cikin abin da aka yi amfani da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar su. A zuba masa ƙoƙo, ludayi, muciya ƙarama, kwanon roba. Shingen na lokacin da hannun uwa ya cika ne, sauran yini a fito da shi ya zagaya ana biye da shi, kuma ranar da ya iya haurawa amfaninsa ya ƙare.

Jaririn da bai kai wata shida ba kada rana ta doke shi kai tsaye. Daɓen siminti da tsakar rana a watan Maris zuwa Mayu yana ƙona tafin ƙafa, ku taɓa da bayan hannu kafin ku sauke shi. In za a kwanta a waje saboda zafi, a ɗaura gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa.

Mataki na tara: a miƙa yaro da baki

Wannan ba ya cin ko kwabo. Duk lokacin da mai riƙe da yaro za ta tashi, ta kira sunan mutum ɗaya: "Inna, ga shi nan a hannunki, zan shiga wanka." Ita kuma ta amsa: "Na karɓa." In ba a amsa ba, ba a miƙa ba. Ranar biki ko suna ko zaman makoki a ware mace ɗaya wadda ba ta da aikin komai sai ƙananan yara, a riƙa canza ta. 'Yar shekara bakwai tana iya wasa da ƙaninta, amma ita ma yarinya ce, kada a ɗora mata amanar rai kusa da ruwa ko wuta.

Kowa a gidan, har 'yar aiki, ya san abin yi in abu ya faru. Idan an ciro yaro daga ruwa ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko danna ciki don ruwa ya fito. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, da yatsu biyu ga jariri, da tafin hannu ɗaya ga wanda ya wuce shekara. Wani kuma ya nemo abin hawa. Ko ya farfaɗo garau a kai shi asibiti. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, a lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi, a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri ko baƙin mai. Wanda ya sha kananzir, fetur ko soda kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, don amai ne yake kai kananzir cikin huhu, soda kuma ta sake ƙona inda ta bi. A tafi asibiti da gorar a hannu, ko da yana wasa, don wahalar numfashi kan zo bayan awanni. In abu ya maƙale wa jariri ya kasa kuka, a kifa shi kan hannu kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a juyo shi a danna ƙirji sau 5. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau, a cire masa abin hannu ko na ƙafa, a hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar maganin dafi, irin na Kaltungo a Jihar Gombe. Harbin kunama ga ƙaramin yaro ma na asibiti ne. Cizon kare a wanke shi da ruwa da sabulu na minti 15 kafin a tafi.

Ku rubuta lambar maigida, da ta maƙwabci mai mota ko babur, da 112 ta kiran gaggawa a Najeriya, a manne a bayan ƙofar ɗaki. Zagayen nan na durƙuso kuma a sake shi ranar da yaro ya fara miƙewa, da ranar da ya fara hawa kujera, da farkon kowace damina.